Ni da Surukina da Farfelar Jif

Tun ranar da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. In na zauna a majalisa, "Alhaji Nasiru, yaya Nijar?" In na buɗe shago, kafin in kaɗe yadi wani ya leƙo, "Ina jif?" Har mai napep ɗin da ya ɗauko ni daga tasha sai da ya waiwayo ya tambaye ni wai gaskiya ne a kan amalanken shanu na shiga garin mutane. Gaskiya ne. To ga shi zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kuma duk wanda ya sake tambayata bayan wannan, ni da shi ne.

Surukina Baba Sale yawancinku kun san shi. Bafulatani ne, tsohon direban babbar mota, ya fi shekara talatin yana kwasar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa kudu. Yana zaune a tabarma mota za ta wuce a titi, ya gaya maka ciwon da ke damunta. Ni kuma 'yarsa ta fari nake aure, Rabi. Wanda ya san Fulani ya san nauyin wannan, ita kanta ba ya kama sunanta, balle ni. Shekara goma sha tara abin da ke tsakaninmu bai wuce in durƙusa in ce barka da asuba Baba, ya kalli gefe ya ce lafiya. Bai taɓa cin abinci ina gani ba, ban taɓa hawa tabarmarsa ba.

Sai ga saƙo daga wani ƙauye a cikin Nijar, can bayan Machina, cewa yayansa Baffa Buba yana kwance, jiki ya yi tsanani, kuma sunan Sale yake ta kira. Rabonsu da magana tun lokacin da Baba ya sayar da rabonsa na shanun gado ya shiga harkar mota. Baffa Buba ya ce wanda ya musanya shanun ubansa da ƙarfe ba ɗan'uwansa ba ne, Baba ya mayar masa da wadda ta fi wannan zafi, ya kaɗa rigarsa ya taho. Yanzu duka sun tsufa. Abin da Baba yake so ɗaya ne, ya riski yayansa da rai da baki, su yafi juna.

Motar haya ya yi niyyar bi, ni na hana. Zan so in ce tausayi ne kawai, amma tunda na yi alkawarin gaskiya, akwai son a gani. Jif ɗina ta girmi babban ɗana, ni ne na huɗu ko na biyar da ya riƙe ta, amma in an wanke ta aka ɗaga baƙin gilashi har masu gadi sara mini suke yi. Na so Baba ya shiga ƙauyensu a jif ɗin surukinsa, a ce ashe ƙarfen ma ya yi rana.

Tunda kunyar surukuta ba za ta bar mu mu yi hira da Baba ba, dole a sami na tsakiya. Muka ɗauki Malam Gimba na Ngojin, tsohon malamin firamare, abokin Baba ne kuma yana jin Fulatanci kamar a ruga aka haife shi. Ni asalina Bakano ne, ban da "jam" ba abin da na sani. Malam Gimba mutumin kirki ne, kirkin ma har ya yi masa yawa. In gidanka na cin wuta aka aike shi ya gaya maka, cewa zai yi gidan ya ɗan yi ɗumi.

Ana gobe tafiya na kai motar wajen Ɗanlami bakanike, don akwai wata ƙara da take yi in na saka giya zan tashi, ƙwas, kamar an zare sakata. Ya shiga ƙarƙashi ya girgiza farfela, wato dogon ƙarfen nan mai kai juyi daga giya zuwa tayoyin baya, ya ce kuros ne ya yi wasa. Kuros shi ne ɗan ƙarfe mai kai huɗu da ke riƙe da farfelar a gaɓa. Ya ce mai kyau sai an aiko daga Kano, kwana biyu. Na ce ba ni da kwana biyu. Ya ɗura masa gires har yana tsiyaya, ya fito yana goge hannu a wando, ya ce, "Alhaji, za ta kai." Mu kuwa mutanen Potiskum in bakanike ya ce za ta kai, ba ma tambayarsa ina.

Ranar Alhamis da sassafe muka tashi, Malam Gimba a gaba, Baba a baya yana riƙe da 'yar jakarsa da carbi. Ko layinmu na Dogo Tebo ba mu fita ba, na saka giya, ƙwas. Baba ya yi gyaran murya ya yi wa Malam Gimba magana da Fulatanci, doguwa. Malam Gimba ya juyo yana murmushi ya ce, "Baba ya ce mota ma sha Allahu, sai dai a riƙa lallaɓa ta." Kaina ya yi girma. Na ce a gaya wa Baba na gode, ya kwantar da hankalinsa.

Bayan Jakusko na ɗan taka ta, sai kujera ta fara rawa. Madubin tsakiya ya koma ba ka ganin komai a ciki sai kaɗawa, hular Malam Gimba tana saukowa kan girarsa yana mayarwa. Na yi abin da kowane mai tsohuwar mota yake yi, na kunna rediyo na ƙure murya. Wa'azi ake yi a kan girman kai, amma ban saurara ba, ƙarar kawai nake so.

A Gashuwa muka tsaya cin abinci. Kifin Gashuwa dai kun sani, ba sai na ɓata bakina ba, na ci har na manta da mota. Baba ya ɗauki nasa ya tafi can gindin wata bishiya ya ba mu baya. Da na je wanke hannu na hango shi durƙushe a gefen jif da buta, kamar mai alwala, amma kansa yana leƙen ƙarƙashi. Ya daɗe a haka. Da muka shiga mota ya sake yin Fulatanci, wannan karon da ɗan zafi. Malam Gimba ya sosa ƙeya ya ce, "Baba ya ce in da hali, a Nguru a ɗan gaisa da bakanike."

Na ce, "Malam, muna da mara lafiya a gaba, kowace sa'a tsada gare ta. Gaisuwa sai mun dawo."

Maganar ta yi kyau a kunne, har ni kaina ta burge ni. Abin da ban faɗa ba shi ne tsoro nake ji wani bakaniken Nguru ya kwanta ƙarƙashin motata ya tona mini asiri a gaban surukina. Muka ratsa Nguru, garejoji dama da hagu, na kafa idona a titi.

Iyakar ba wani abin kallo ba ce. Bayan Machina ne, igiya tsakanin ganga biyu da 'yar rumfa. Jami'an wajenmu suka duba takardu suka yi mana fatan alheri. Na wancan ɓangaren wani dogon jandarma ne siriri, ya karanta takardun nan shafi-shafi har da bango, ya miƙo mini, sannan ya ce in ɗan ja gaba in dawo baya. Na yi. Ƙwas, ƙwas. Ya sunkuyo ta taga ya ce, "Alhaji, kardan ɗinka na kuka." Su can farfela kardan suke ce mata. "Ba za ta fid da kai yashin nan ba. Ka koma Nguru."

Kai, raina ya ɓaci! Wannan ne abu na farko da na lura da shi game da mutanen can, ba su iya sakaya zance ba. A wajenmu ko ka ga tayar matafiyi tana shirin ficewa, Allah ya kiyaye hanya za ka ce, ka bar shi da Ubangijinsa. Shi wannan ya dube ni ido cikin ido, gaban surukina, ya yi wa motata mugun baki. Na ce a zuciyata aniyarka ta bi ka, na ja mota. Ta madubin gefe na ga Baba yana kallon sama.

Daga nan babu titi, sai sawun motoci a yashi, wannan ya yi gabas wannan ya yi arewa, ka zaɓi wanda ya kwanta maka. Baba ne ke nuna hanya da hannu, Malam Gimba yana fassara hannun. Wajen la'asar ƙasan motar ya fara wani ƙiƙi-ƙiƙi, daga nan ya koma gurnani. Na kai hannu zan ƙara rediyo, ashe ta ƙure. Sai ji muka yi dam! dam! dam! a ƙarƙashin ƙafafunmu, motar ta yi tsalle ta tsaya. Inji yana ta kuka lafiya lau, ina taka totur, ko motsi. Malam Gimba ya gama salati, ya gyara hula, ya ce, "Alhaji, kamar wani abu ya ɗan sauka."

Farfela ce ta sauka. Tana kwance a yashi, bakinta na baya ya dare, 'yan alluran cikin kuros sun watse kamar an zubar da shinkafa. Baba ya fito, ya dube ta sau ɗaya, ya shimfiɗa rawaninsa ya ta da sallah.

Allah ya taimake mu akwai ƙauye kusa, kuma akwai bakanike, Isufu, wanda ya yi shekaru yana bin manyan motocin hamada kafin ya dawo gida gyaran babura da injin niƙa. Ya zo da sifana biyu a aljihu, ya duba, ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne. Motar mai jan ƙafa huɗu ce. In kwance ta bayan, ka saka giyar gaba, farfelar gaba ta ja ku har inda za ku. Kafin magariba kuna can." Na ji kamar in rungume shi. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi. Can sai muka ji dariya tana fitowa daga ƙasan mota.

"Alhaji, ina ta gaban?"

Sai a lokacin na tuna. Shekara biyu da suka wuce, da mai ya yi tsada, Ɗanlami ya ba ni shawarar da ake ba kowane mai jif a garin nan, a cire farfelar gaba mota ta rage shan mai, tunda a kwalta muke yawo. Aka cire. Ku da kuke zama a rumfar shagona, ƙarfen nan na tsakiya da ya tokare kwano, wanda kuke jingina da shi kuna gulmar mutane, to ita ce. Na tafi hamada da mota mai ƙafa huɗu, na bar biyu suna riƙe muku inuwa.

A zauren mai gari muka sauka, Baba kuma aka ba shi ɗaki daban, don da aka ji surukai ne ba a ko tambaya ba. Masaukin yashi ne mai tsabta aka baza aka ɗora tabarma, kuma wallahi ya fi katifar wasu otal ɗin da na sani. Aka kawo fura da nono, da kwaɗon zogale mai ƙuli da suke kira kopto. Shayinsu ne ya ba ni mamaki. Ba madara, ba burodi, ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma sai ka sha zagaye uku, in ka tashi a na biyu ka yi rashin ladabi. Mai gari ya sa na ba shi labarin motar tun daga farko. Da na gama ya ajiye kofi ya ce, "To ai kai ne ka yi wauta." A gaban jama'a, kuma ba da faɗa ba, kamar yana gaya mini farashin gero.

Da safe ranar Juma'a na hau tudun yashi neman sabis, don sai a can waya ke kamawa. Na samu Ɗanlami. Ya ce subhanallahi, ya ce ai kuwa gires ɗin mai kyau ne, ya ce duk da haka in lissafa man da na tara a shekara biyu. Na zage shi iya ƙarfina, sabis ya ɗauke rabin zagin. A ƙarshe ya ce yana da aboki a Nguru, zai ba ɗan acaɓa kuros ya kawo, kafin hantsi yana hannuna.

Ina saukowa na tarar da wani mai amalanken shanu a ƙofar zaure. Ya ji labarinmu, ya ce wajen ƙauyen su Baffa Buba ya nufa, in muna so mu hau, kafin azahar mun isa. Malam Gimba ya gaya wa Baba. Baba ya daɗe yana kallon shanun nan, sannan ya faɗi kalma uku ko huɗu. Malam Gimba ya ce, "Baba ya ce duk yadda Alhaji ya gani."

Wannan wurin nake so ku saurara da kyau, ku masu dariya. Baba ba zai iya hawa amalanke ya bar surukinsa a yashi da mataccen ƙarfe ba, don yin haka kamar ya ce na gaza ne. Ni ne ya kamata in ce Baba hau ka tafi. Kalma huɗu. Amma na hango mu muna shiga ƙauyen a bayan shanu, ni da babbar rigata, sai na ce kuros na hanya, in an ɗaura sa'a ɗaya ta ishe mu, a hanya ma za mu wuce amalanken. Mai amalanke ya ce to, ya kaɗa shanunsa. Baba ya bi shi da ido har ya ɓace.

Hantsi ya yi ya wuce. Aka yi Juma'a aka sauko. Na hau tudun nan ya fi sau goma, kullum Ɗanlami sai ya ce "yanzu-yanzu ɗan acaɓan ya taso." Sai bayan la'asar ɗan acaɓa ya iso, fari fat da ƙura, ya miƙo ƙunshi. Isufu ya buɗe, ya gwada, kuros ɗin yana iyo a cikin ramin. Ashe farfelar da ke jikin motata ba tata ba ce, wani daga cikin magabatana ya yanko ta wata mota ya yi mata walda. Isufu ya ce ko da ya yi daidai ma kunnen farfelar ya tsage, sai an kai ta birni. Ya ce da ya gaya mini tun da safe, amma ina ta waya ban tsaya ba.

Da yammar nan na ritsa Malam Gimba a bayan zaure, na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah abin da Baba ya faɗa a hanya. Ya yi ta kame-kame, sannan ya sauke kai. A Dogo Tebo cewa ya yi kuros ɗin baya ya mutu, gires aka ɗura masa jiya, yana jin warinsa. A Gashuwa cewa ya yi in ba a canza shi a Nguru ba, ba za mu ƙetare yashi ba, kuma ya leƙa bai ga farfelar gaba ba. Na ce, "Malam, don me ka ɓoye mini?" Ya ce, "Haba Alhaji, ta yaya zan dubi mutum a cikin motarsa, gaban surukinsa, in ce masa gawa yake tuƙawa?" Na ce na safiyar yau fa? Ya ce wannan kam yadda ya faɗa haka na faɗa maka.

Ranar Asabar bayan asuba muka samu wani amalanke muka hau. Jif na bar wa Isufu, kaji sun riga sun samu inuwa. Tafiyar ba ta da wani wuya, shanun ba su yi ƙara ba, ba su nemi gires ba. Ba wanda ya yi magana sai mai amalanken, shi ma da shanunsa yake.

Kafin azahar muka isa. Ba wanda ya kalli abin da muka hau. Matar Baffa Buba, wata 'yar tsohuwa, ta fito ta ga Baba ta rufe baki da mayafi. Aka shigar da shi ɗakin, ni da Malam Gimba muka tsaya a bakin ƙofa. Baffa yana kwance a kan gadon kara, idonsa a buɗe, numfashi yana fita a hankali. Baba ya durƙusa ya kama hannunsa ya yi magana. Wannan ban nemi fassara ba. Ya faɗa, ya jira. Ya sake faɗa, ya kai kunnensa bakin yayansa. Sau uku. Idon Baffa yana kansa, amma ko ya gane shi ko bai gane ba, Allah kaɗai ya sani.

Tsohuwar ta ce da Hausa, don mu ma mu ji, ba da nufin komai ba, "Jiya har la'asar yana magana. Duk wanda ya shigo sai ya ce Sale ne? Da aka yi kiran sallah ya sa aka ɗaga labule wai ya ji kamar ƙarar mota. Daga nan bakin ya rufe."

Ranar Lahadi da hantsi ya cika, hannunsa a cikin na Baba, bai ce komai ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Baba ya zauna shi kaɗai a tabarma a gindin wata aduwa. Na je na durƙusa daga nesa zan yi masa gaisuwa. Malam Gimba ya taso zai shiga tsakani kamar kullum, Baba ya ɗaga masa hannu, ya koma. Sannan ya dube ni, ni ɗin nan, ya yi mini Hausa.

"Tun daga Dogo Tebo na ji ta," ya ce. "Ni ne direba. Da na buɗe bakina da Hausa, da na sami yayana da baki."

Kuka ya zo mini, ban iya riƙe shi ba. Na ce, "Ni ma na ji ta, Baba."

Sai ya matsa gefe ya bar mini rabin tabarmar, na tashi na zauna.